Alƙaluma a Bakin Zaure: Sharhi kan Yadda Ake Ƙidayar Cin Zarafin Mata a Nijar

Akwai wani adadi da ya daɗe yana yawo a tarurrukan ƙara wa juna sani, daga Yamai har Doso: wai kashi 60 cikin 100 na matan Nijar sun yarda miji ya doki matarsa. Sau da yawa kafin maganar ta iso ajin makaranta ko zauren ƙungiya, ta riga ta rikiɗe ta koma cewa mata shida cikin goma ana dukansu. Waɗannan maganganu biyu ba ɗaya ba ne, kuma ya wajaba malamin da zai maimaita adadin a gaban ɗalibai ya san tambayar da ta haife shi.

Tushensa shi ne rahoton binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya, EDSN-MICS na shekarar 2012, wanda Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato INS, ta gudanar bayan na 1992 da 1998 da 2006. Aiki ne mai nauyi da bai kamata a raina shi ba, domin an bi gida-gida a jihohi takwas, an zanta da mata sama da 11,000 masu shekara 15 zuwa 49. Abin da aka tambaye su shi ne ko miji yana da hujjar bugun matarsa idan ta ƙona abinci, ko ta yi masa gardama, ko ta fita ba ta faɗa masa ba, ko ta yi sakaci da yara, ko ta ƙi shi a shimfiɗa. Duk wadda ta amsa da e, ko da a kan dalili guda, ta shiga cikin kashi 60 ɗin nan. A 2006 adadin kashi 70 ne. Maza kuwa, a 2012, kashi 27 kacal suka amsa haka.

Wannan tazara tsakanin mata da maza ta fi adadin kansa ban sha'awa, amma ba kasafai ake tsayawa a kanta ba. Ba za a ce mata sun fi maza son duka ba. Abin da hankali ya fi kamawa shi ne, mace ta karanto dokar da aka raine ta a kai tun tana ɗakin uwarta, namiji kuma ya faɗi abin da ya dace baƙon da ya zo daga birni da takarda ya ji.

Babban giɓin rahoton shi ne bai tambayi mace abin da ya same ta ita kanta ba. Tsarin waɗannan bincike na duniya yana da babi na musamman a kan haka, amma ba a sa shi cikin na Nijar ba. Binciken 2017 kuma ba a fitar da bayanansa ba, saboda ingancinsu bai gamsar ba. Sai a wani nazari na daban, na 2021, wanda ma'aikatar kula da mata ta yi da tallafin UNFPA, aka ji cewa kimanin kashi 38 na mata sun taɓa fuskantar wani nau'in cin zarafi.

To, ina Dumega a cikin wannan lissafi? Babu ita. Binciken ƙasa yana ba da sakamako ne jiha-jiha, don haka ƙaramar hukuma irin Dumega, a gundumar Tibiri da aka cire daga Dogon Dutsi a 2011, ta narke cikin adadin jihar Doso, tare da ƙasar Zabarmawa da ta Dandi. Aikin da ya fi matsowa kusa da Arewa shi ne wanda ƙungiyar Pathfinder da masana na Jami'ar Kalifoniya ta San Diyego suka fara a 2016, a ƙauyuka 48 na yankunan Doso da Dutsi da Loga, inda suka zanta da matan aure sama da dubu masu shekara 13 zuwa 19. Waɗanda suka ce miji ya taɓa dukansu ba su kai ɗaya cikin goma ba. A ƙetaren iyaka ma haka zancen yake: a binciken Najeriya na 2018, wanda shi ya ƙunshi babin, yankin arewa maso yamma, inda Kabi da Sakkwato suke, shi ne ya fi ƙarancin masu cewa an doke su.

Mai son kwanciyar rai zai ce gidajen Hausawa sun fi zaman lafiya, kuma mai yiwuwa akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma Hausawa da kansu suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ƙa'idar babin ita ce a zaɓi mace guda a kowane gida, a keɓe da ita, idan keɓewar ba ta samu ba a tsallake tambayoyin. Ƙa'ida ce mai kyau, ta kare rai. Sai dai wanda ya san gidan Arewa, inda darnin kara ne ya raba ɗaki da ɗaki, kishiya tana daka, uwar miji tana shiƙa a inuwa, ya san keɓewar da ido ya gani ba lallai kunne ya yarda da ita ba. Ga kuma kunya, ga nasihar haƙuri da aka raka amarya da ita, ga tsoron a ce ta tona asirin gida.

Batun harshe ya fi shafar masu karanta wannan mujalla. Da Faransanci ake tsara takardar tambaya, amma a tsakar gida da Hausa ake magana, kuma kalmar da Faransanci ya tattara komai a cikinta, Hausa ta rarraba ta: akwai duka, akwai horo, akwai cin mutunci, akwai wulaƙanci. Abin da wata ta kira duka, wata horo za ta kira shi, ba kuma za ta lissafa shi ba. A nan babin ya cancanci yabo, domin ba ya tambayar suna, aiki yake tambaya: ya taɓa marinki, ya taɓa murɗe miki hannu, ya taɓa shaƙe ki? Dabara ce da aka aro daga ma'aunin da Murray Straus ya wallafa a Amurka a 1979. Amma jerin da aka haifa a gidan mace ɗaya, ko da an ƙara masa tambayoyi kan zagi da hana ziyarar dangi, bai san miji ya rufe rumbu ba, bai san a tsallake wa mace kwananta ba, bai san saki a tsakiyar damina bayan ta gama noma ba. Matar da waɗannan suka sa ta yaji za ta iya amsa kowace tambaya da a'a, ba tare da ta yi ƙarya ba.

Akwai kuma waɗanda ba a kai ga tambayarsu ba sam. Rahoton 2012 da kansa ya nuna cewa kashi 76 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kashi 28 kuma kafin su cika 15. Amma zantawa da mata daga shekara 15 take farawa. Yarinya mai shekara 14 da ke ɗakin miji a Dumega, idan ƙuri'a ta faɗa kan gidansu, za a rubuta sunanta a jerin mutanen gida ta bakin wanda ya amsa a madadin gidan, sannan a wuce ta zuwa ga kishiyarta.