Lamirin Da Aka Horar: Shaihu Umar Da Yaron Kogin Misisifi

A 1934 aka buga Shaihu Umar, ɗan littafin da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta domin gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933. Yawancinmu mun karanta shi a sakandare don cin jarrabawa, muka ajiye. Ina so mu sake ɗaukarsa da idon makiyayi, mu jera shi da wani littafin Amurka, Huckleberry Finn na Mark Twain, wanda ya fito a Ingila a 1884, a Amurka kuma a 1885. Dukansu biyu labarin yaro ne da ya girma a inda ake sayen mutum kamar akuya. Tambayar da suke ɗora mana ita ce: me ke samun lamirin wanda ya tashi a irin wannan wuri?

Umar da bakinsa yake ba almajiransa labarinsa a Rauta, ƙasar Bauchi. An haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu tun bai san shi ba, mahaifiyarsa ta auri wani bafade mai suna Makau. Bayan wani hari da aka kai ƙasar Gwari, fadawa masu hassada suka yi wa Makau ƙazafin ɓoye wasu bayin da ya kamo, sarki ya kore shi. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta, a bayanta aka sace yaron. Daga hannu zuwa hannu har Kano, inda wani Balarabe, Abdulkarim, ya tafi da shi ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗansa, har ya zama babban malami. Ita kuwa uwar ta shiga duniya nemansa, aka yaudare ta, aka sayar da ita a ƙetaren hamada. Da suka sadu daga ƙarshe, wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu.

Ku lura da Makau. Littafin ya nuna shi mutumin kirki ne, mai gaskiya da haƙuri, mai karatu kuma yana jin zafin zaluncin da aka yi masa. To, amma a kan me aka yi masa ƙazafin? A kan lissafin mutanen da ya kamo daga gonakinsu. Gardamar fada duka a kan rabon ganima take. Gwarawan nan ba a faɗi sunan ko ɗayansu ba, ba mu ji kukan uwayensu ba. Shi kansa Umar, da iliminsa da tsoron Allahnsa, yana ba da labarin harin kamar yadda ake ba da labarin kaka ko damina.

Wasu masu nazari suna ganin wannan shirun aibi ne. Ni ina ganin marubucin ya bar hukuncin a bakin labarin uwar. Duk wanda ya bi matar nan daga Fatika zuwa Kano zuwa bayan hamada ya san abin da bauta take yi wa gida, ba sai an yi masa huɗuba ba. Mu kuma tuna da zamanin. Dokar Lugga ta 'yanta waɗanda aka haifa daga Afrilun 1901 ne kawai, ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, shekara biyu bayan fitowar littafin. Cikin masu karatunsa na farko akwai 'ya'yan iyayen giji, akwai kuma 'ya'yan rinji. Duk da haka dole a faɗa: littafin ya tausaya wa 'yantacciyar da aka bautar bisa zalunci, bai tsaya ya tambayi ko akwai wanda ya cancanci bauta tun farko ba.

Wannan tambayar ce Twain ya jefa a zuciyar wani yaro marar galihu, ɗan mashayi. Huck ya gudu daga ubansa, ya haɗu da Jim, bawan da ya tsere saboda uwargijiyarsa, Miss Watson, tana shirin sayar da shi can kudu, nesa da iyalinsa. Suka bi kogin Misisifi a kan gadon itace. A babi na 31 lamirin Huck ya tasa shi gaba, yana gaya masa ya yi wa matar da ba ta taɓa cutarsa ba sata, kuma wuta ce makomar mai taimakon bawa ya gudu. Ya rubuta wasiƙar tona asirin Jim, ya ji wasai kamar an wanke shi daga zunubi. Sai ya tuna yadda Jim yake karɓar masa gadin dare don ya yi barci. Ya yage takardar, yana mai gaskata cewa ya zaɓi hallaka ke nan.

'Yan'uwa, a nan ne littafin ya taɓa mu. Muryar da ta ce wa Huck ya ba da Jim, a wurin masu zuwa majami'a ya koyo ta. A Amurka ta wancan lokaci fastoci da dama sun kāre bauta daga bagade da ayoyi a hannu, har Metodis suka rabu a kanta a 1844, Baftis a 1845. Don haka kada wani ya karanta Shaihu Umar ya ce wannan laifin maƙwabtanmu ne kaɗai. Ƙarshen littafin Twain ma yana da rauni, gama an mai da kuɓutar Jim wasan yara a hannun Tom Sawyer, wanda ya san an riga an 'yanta shi a wasiyya. Ko marubucin da ya gano cutar bai warke sarai ba.

Manzo Bulus a Romawa 2:15 ya nuna lamiri shaida ne, yana ƙara, yana kuma kāriya. Amma shaida yana faɗin abin da ya sani ne. Shi Bulus ɗin ya shaida a Ayyukan Manzanni 26:9 cewa a dā yana ganin wajibi ne ya yi gāba da sunan Yesu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mu ne muke tanƙwara lamirin yaran ikkilisiya. Fitowa 21:16 da 1 Timoti 1:10 sun hukunta satar mutum, wasiƙar Filimon kuma ta mai da bawa ɗan'uwa. Ayoyin suna nan tun dā, masu wa'azi ne suka tsallake su.

Jega tana cikin manyan kasuwannin ƙasar Gwandu tun ƙarni na 19, zamanin da mutum ma haja ne. An rufe wannan ciniki, amma ragowarsa tana cikin maganarmu. Na taɓa zama a wani sulhu a wata ƙaramar ikkilisiya kusa da Kimba, inda dattijo mai aminci ya hana 'yarsa auren wani saurayi mai bi, don an ce kakan yaron sayensa aka yi. Ya gaya mini zuciyarsa ce ba ta ba shi ba. Na gaskata shi, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Saurayin ya bar garin, ni ma ban iya juyar da dattijon ba a ranar.

Tambayoyi don tattaunawa:

1. Makau mutumin kirki ne? Da wane ma'auni?
2. Yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana aiki a gidan fasto alhali 'ya'yansa suna makaranta, wa ke jin labarinta?
3. Idan ɗan ikkilisiya ya ce lamirinsa a kwance yake a kan abin da Nassi ya hana, ta ina za ka fara da shi?