Jinjina ga Kaset, Gatan Waƙar Bahaushe

Bari in faɗi hukuncina tun daga farko, kowa ya ji: a duk abubuwan da ɗan Adam ya ƙera don taskance murya kafin zuwan waya da kwamfuta, babu wanda ya yi wa waƙar Bahaushe gata irin kaset. Garmaho ya yi nasa, babban faifai ya yi nasa, CD ma ya zo ya yi ƙyalƙyalinsa ya wuce. Amma ɗan akwatin robar nan da bai cika tafin hannu ba, shi ne gwani na gwanaye. Na ƙara sakankancewa da haka a 'yan kwanakin nan da nake bin akwatin kaset-kaset ɗin Baffana ɗaya bayan ɗaya a gidanmu na Rijiyar Zaki, da tsohuwar rikodarsa National Panasonic mai lasifika biyu. Wallahi kunnena ya sha daɗi har ya gode Allah.

Kafin a ce son kai ne, bari mu ba magabata haƙƙinsu. A 1877 Thomas Edison ya fito da na'urarsa a Amurka, wadda take zana murya a jikin wani gwangwani mai juyawa. Shekara goma bayan nan, a 1887, Emile Berliner ya kawo dabarar shimfiɗaɗɗen faifai, wanda za a iya buga dubbai daga uwa ɗaya. Shi ne kakan garmahon da ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Turawa, musamman bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa da na Kwarori suka cika da kayan ƙetare. Tun ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙin mutanen Afirka ta Yamma a Landan, har da na Hausa a ciki.

Garmaho abin ƙauna ne, ban musa ba. Ba ruwansa da lantarki, ba ruwansa da batir. Ka wana hannunsa har ka ji ya ɗaure, ka ɗora faifai mai tambarin karen nan da ya kasa kunne a bakin ƙaho, ka sauke allura a hankali. Faifan ya shiga juyi sau 78 a minti ɗaya, sai ka ji murya ta taso daga cikin ƙarar "shhh". To amma allurar ƙarfe ce, waƙa ɗaya ko biyu ta dakushe, sai an sauya. Faifan kuwa in ya suɓuce ya faɗi, sai dai a share. Babbar matsalar ita ce lokaci: kowane gefe bai wuce kamar minti uku ba.

Minti uku fa! Jama'a, a minti uku ai makaɗan Shata ba su gama daidaita kalangu ba. Waƙar Bahaushe doguwar tafiya ce. Makaɗin fada zai faro da kirari, ya jero kakannin sarki, ya zaga ya yi wa 'yan adawa habaici, ya sauke zambo a kan wanda ya yi masa rowa, 'yan amshi suna karɓa suna ƙarawa, kafin ya komo kan gindin waƙa. Alhaji Mamman Shata kuwa ba ya zama ya tsara waƙa a gida. A fili yake ƙera ta, wanda ya shigo ya yi abin kirki ya shiga ciki nan take. Cusa irin wannan waƙa a faifan minti uku daidai yake da a ɗinka wa ƙaton bakano babbar riga da yadi ɗaya.

Sai aka samu ci gaba. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai juyi 33 da sulusi, wanda kowane gefensa yake ɗaukar minti ashirin da wani abu. A 1949 kamfanin RCA Victor ya kawo ƙaramin faifai mai juyi 45. Kamfanonin EMI da Decca da Philips suka kafa sansani a Legas, kuma EMI ya buga fayafayan Shata da na Ɗan Maraya Jos. Wanda ya taɓa jin su a kan na'ura mai kyau ya san sautinsu garau yake, tas. Sai dai babban faifai ɗan gata ne: yana son lantarki, yana son teburin da ba ya motsi, rana ta taɓa shi ya lanƙwashe, ƙurar hunturu ta shiga layukansa ya dinga tsalle. Rijiyar Zaki a wancan lokaci gonakin gero da dawa da gyaɗa ce a gefen titin Gwarzo, birni bai haɗiye ta ba tukuna. Wa zai kai irin wannan kaya gona? Ga shi kuma kamfani ne yake zaɓar wanda zai ɗauka. In ba ka yi sunan da ya isa Legas ba, muryarka ta tafi da iska. Talaka sai dai ya kasa kunne ga Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya jira shirin Zaɓi Sonka ko Allah zai sa a saka wadda yake so.

Ana nan sai ga angon ya iso. A 1963 kamfanin Philips na ƙasar Holan ya nuna kaset a wajen baje kolin kayan rediyo a Balin, aikin injiniya Lou Ottens da abokan aikinsa. Allah Ya sa kamfanin ya bar sauran kamfanoni su ƙera irinsa ba tare da biyan kuɗin lasisi ba, shi ya sa kaset ɗin TDK ko Maxell ko Sony zai shiga kowace rikoda ya zauna daram. Zaren ciki faɗinsa bai kai milimita 4 ba, yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa. C60 yana ba ka minti 30 a kowane gefe, C90 kuwa minti 45 cur. Minti 45 ba yankewa! A nan ne waƙar Bahaushe ta samu wurin miƙe ƙafa. Da kuɗin man fetur da na ƙarin albashin Udoji suka shigo hannun mutane a tsakiyar shekarun 1970, alhazai kuma suna saukowa daga Jidda kowa da rikoda a hannu, sai ga ta a zaure, ga ta a teburin mai shayi, ga ta a cikin Peugeot 504 ta haya. Batir Tiger Head kawai take nema. Manomi ya rataye ta a reshen ɗorawa, ya sunkuya da fartanya, Ɗankwairo yana tashi.

To me na tarar a akwatin Baffa? Kai, tirƙashi! Bakandamiyar Shata har a kaset biyu, kuma wannan daban, wancan daban. Gindin ɗaya ne, amma baitocin sun sha bamban, domin taron daban ne, mutanen da ke wurin daban ne. A ɗayan kana jin guɗar mata, kana jin sanƙira yana shelar kyautar da aka yi, kana jin yadda kalangu suke lafawa in Shata zai saki magana mai nauyi, sannan su tashi gaba ɗaya su rufe ta. Na tambayi Baffa wa ya ɗauki wannan. Ya ce, "Kai yaro, wa ya sani? Wani ne ya ajiye rikodarsa a gaban makaɗa ranar biki, ni ma a wajen wani direba na kwafa." Kun ji fa. Ba kamfani, ba injiniya, amma ga tarihi an ajiye.

Sai Musa Ɗankwairo da kotsonsa. Ka saurari yadda muryoyin 'yan amshinsa suke shiga cikin juna, wannan ya ɗauka kafin wancan ya ajiye, ka ce mutum ɗaya ne mai maƙogwaro da yawa. Sai waƙar Shago ta Ɗan Anace, wadda ko ba ka taɓa naɗa zare a hannu ba sai ka ji kana neman abokin karo. Sai Ɗan Maraya, shi kaɗai da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, yana ba da labarin karen mota har ka ji tausayi ya kama ka kana dariya. Sai gurmin Haruna Uji na Haɗeja, mai sa a gyaɗa kai ba a sani ba. Akwai kuma kaset ɗin da ba na Baffa ba ne, na Inna ne: Barmani Choge da amadarta, ƙwarya tana amsawa. Wannan ma wata falala ce da ba a cika ambata ba. Makaɗi namiji ba ya ƙetare zaure, amma kaset ya shiga har tsakar gida, matan kulle suka samu nasu dandali, suna daka suna jin abin da ransu yake so a lokacin da suke so.

Duk wannan ma somin-taɓi ne in aka zo maganar jan maɓallin nan na ɗauka. Garmaho da babban faifai magana suke yi maka, ba sa sauraronka. Kaset kuwa ka faɗa masa, ya riƙe. Tsohuwar da ba ta iya boko ko ajami ba za ta zauna gaban rikoda ta gaida ɗanta da ke Makka ko Kumasi ko Legas, ta ba shi labarin damina da wanda ya yi aure da wanda ya rasu, a ba matafiyi ya kai. Tafsirin azumi na Sheikh Abubakar Gumi da karatun Sheikh Nasiru Kabara sun zaga ƙauyuka ta wannan hanya. Masu bege da mandiri sun bi ta nan. Da finafinan Hausa suka kunno kai daga Turmin Danya a 1990, waƙoƙinsu a kaset suka fara shiga gari. Kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar kwafi, rikodoji jere a shago suna juyi dare da rana, 'yan kasuwa suna ɗiba zuwa Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram.

Kaset yana da aibi? Yana da shi mana, amma ni ko aibinsa burge ni yake yi. Batir ya yi sanyi, sai ka ji muryar mawaƙi ta yi nauyi tana jan ƙafa, a ciro batiran a shanya a rana ko za su farfaɗo. Don kada a ƙona batir wajen mayar da waƙa baya, sai a zura biro a ramin kaset a dinga wulwulawa a iska. In rikoda ta tauna zare, a buɗe murfi a lallaɓa a zaro shi, a miƙar da inda ya tamuke da ɗan yatsa, in ya tsinke a haɗa bakin biyu da ɗigon jan farce. Wurin zai ɗan yi gargada in an zo kansa, sai waƙa ta ci gaba abinta. A goge kan rikoda da auduga da ɗan sifirit, murya ta dawo sabuwa. Kaset ɗin da ake ji da shi kuwa, a ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na samansa don kada wani yaro ya danna ja ya shafe Shata da surutunsa. Wace na'ura ce yau mai ita zai gyara da biro da jan farce?

Aibin da ba na wasa ba shi ne na haƙƙi. Kwafi a kan kwafi ya sa sauti yana dusashewa, kuma kuɗin da ya kamata ya shiga aljihun mawaƙi ya tsaya a shagon mai kwafi. Wannan da taɓarɓarewar tattalin arziki a shekarun 1980 suka sa manyan kamfanonin waje suka sayar da harkarsu suka tafi: EMI ya koma Ivory Music, PolyGram ya koma Premier. Gaskiya ne an ci gumin mawaƙa. Sai dai makaɗin Hausa tun asali ba da cinikin faifai yake ci ba, da kyautar iyayen gida yake ci: riguna, dawaki, motoci, kujerar Makka. Duk inda kaset ya kai sunansa, gayyata tana biyo baya. Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999, amma har yau yaron da bai taɓa ganinsa ba yana iya rera waƙarsa. Kaset ne ya yi wannan dakon.

Walkman na Sony ya zo a 1979 ya mayar da sauraro na mutum ɗaya, mu kuwa a nan waƙa ta taro ce. CD ya fito a 1982, ya daɗe kafin ya zama ruwan dare a Kano, kuma da ya zo sai muka ga ɗan ƙwalisa ne: ƙarzuwa ɗaya ya fara in'ina, mota ta faɗa rami ya yi tsalle. Ban raina shi ba, amma bai kama ƙafar kaset ba.

Saboda haka maki goma bisa goma na ba kaset, da ana ƙari da na ƙara. Shawarata ga duk mai akwatin kaset irin na Baffa a gida: kada ka bari a zubar, kada ka bar shi a ɗakin da rana take dafawa, domin zare yana tsufa, yana manne wa juna. Ka nemi rikoda mai lafiya, ka juye abin da ke ciki zuwa kwamfuta, ka rubuta sunan mawaƙi da wurin da aka yi wasan in dattawan gida sun tuna. In ka ci karo da abin da ba a saba ji ba, ka kai kwafi Gidan Ɗan Hausa ko Jami'ar Bayero ko Arewa House a Kaduna. Akwai makaɗan ƙauye da na 'yan dambe da na manoma da ba su taɓa taka ƙofar kamfani ba, muryarsu ba ta ko'ina a duniya sai a cikin C90 guda ɗaya da ke ƙarƙashin gadon wani tsoho. A hanzarta a ciro su tun masu iya gane muryoyin suna raye.