Gwanintar yi wa ƙanƙara iyaka a kashin baya

Idan sankarar mama ko ta huhu ta bazu, sau da yawa a kashin baya take yada zango. Ƙarin da take yi a can yakan hana barci, ya hana ruku'u. Cikin dabarun da likitoci ke yaƙarsa da su akwai daskarar da shi. Likita na kallon hoton CT, ya soka siririyar allura har tsakiyar ƙarin. Iskar agon da ke gudu a cikinta tana sa bakinta ya yi sanyin da ya wuce digiri 100 ƙasa da sifili, sai ƙanƙara ta dunƙule ta haɗiye ƙarin. A bari ta narke, a sake daskararwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne maƙwabta. Tsakanin ƙarin da laka, wani lokaci 'yan milimita ne kawai. Jijiya kuwa tana fara sumewa tun sanyi na wajen digiri 10 sama da sifili, in ta daskare ƙafa na iya shanyewa. Manomin Shinkafi ko Zurmi da zai ƙona sharar gona ya san wannan hikima: sai ya share gefe tukuna, kada wuta ta ci gonar maƙwabci.

Haka gwanaye irin su Farfesa Afshin Gangi na Sitirasbug a Faransa da likitocin asibitin Mayo a Amurka suke yi. Suna kafa ma'aunin zafi mai kaurin allura dab da laka. Suna ɗura iskar kabon dayoksaid a tsakani, domin iska ba ta miƙa sanyi sosai, ko su yi ta tura ruwan gishiri ya nisanta jijiya. Na'ura na aika saƙon lantarki daga ƙwaƙwalwa zuwa tsokar ƙafa; da saƙon ya raunana, sai a kashe sanyin nan take. Fata kuma a ɗora mata safar hannu cike da ruwan ɗumi. In kashin ya yi rauni, a cika shi da simintin likita.

Abin burgewa shi ne haƙurin: shirin kariya yakan fi daskarewar cin lokaci. Ladansa, mara lafiya ya samu sauƙin ciwo kuma ya tashi da ƙafafunsa. Wannan ilimi ya cancanci matasan likitocinmu na Sakkwato, Zariya da Kano su nema, don majinyacin Ƙauran Namoda ya amfana.