Kwalliyar fumfuna mai yauƙi da abin da hotuna ke bari a baya

Na daɗe ina kallon wani hoto da Barry Webb ya ɗauka a wani daji na Buckinghamshire a Ingila. 'Yar halitta ce tsaye a cikin ruɓaɓɓen ganye, tsayinta bai wuce milimita ɗaya ba, ƙanƙara ta daskare a kanta kamar an naɗa mata kambi. Fumfuna mai yauƙi ake ce mata, duk da cewa masana sun tabbatar ba fumfuna ba ce, ba kuma tsiro ba. 'Yar uwar amiba ce.

Yanzu irin waɗannan hotuna sun cika Instagram, kuma ina jinjina wa masu ɗaukarsu. Mutum zai durƙusa a ƙasa mai laima da tocila da gilashin ƙara girma, yana dudduba ruɓaɓɓen gungume kamar mai neman allura. In ya dace, kyamara ba za ta fito da abin tar a ɗauka ɗaya ba: kai ya fito, ƙafa ta dushe. Sai ya ɗauki hamsin, wani lokacin fiye da ɗari, yana matsar da saiti kaɗan-kaɗan, sannan ya haɗe su a kwamfuta. Alison Pollack a Kalifoniya ma haka take fama.

Amma akwai abin da ke damuna. Kusan kowa ranar kwalliya yake ɗauka, wato lokacin da halittar ta tsaya cak ta fitar da 'yan kawunan da ke riƙe da irinta, ja ko ruwan goro, wasu da sheƙi kamar tsakiya. Kafin nan fa? Wani yauƙi ne shimfiɗe, mai jijiyoyi, yana rarrafe a hankali yana cin ƙwayoyin bakteriya. Ba shi da kyan gani, shi ya sa ake tsallake shi, alhali a nan abin al'ajabin yake. Wannan yauƙin ne, nau'in Physarum, Toshiyuki Nakagaki na Japan ya nuna a 2000 cewa yana gano hanya mafi kusa zuwa abinci a cikin ruɗaɗɗen lungu, ba tare da ƙwaƙwalwa ba. A 2010 aka jera masa hatsin ots a matsayin garuruwan da ke kewaye da Tokyo, ya shimfiɗa hanyoyi masu kama da layin dogon yankin.

Ni dai so nake in ga mai hoto ya kafa kyamararsa a gaban gungume ɗaya kwana biyu ko uku, ya nuna mana yauƙin yana tafiya, yana tattaruwa, har kawunan su ɓullo. Ya kuma ajiye tsinken ashana a gefe, don mai kallo ya san ƙanƙantar abin da yake gani.