Nas a Rigar Dodo: Sharhi kan Littafin Ken Kesey

Ken Kesey ya wallafa One Flew Over the Cuckoo's Nest a 1962, bayan ya yi aikin dare a sashen masu taɓin hankali na asibitin tsofaffin sojoji a Kalifoniya. Mai ba da labarin, Bromden, majinyaci ne da ke ganin hazo yana lulluɓe ɗakin jinya, irin ruɗanin da cutar sikizofireniya ke haifarwa. Da idonsa muke kallon babbar nas, Ratched, wadda ta mayar da magani da jinyar lantarki bulalar horo.

Na jinjina wa Kesey bisa tona asirin zaluncin da ake yi da sunan jinya. Sai dai a ganina ya yi wa ma'aikatan jinya kuɗin goro, in ban da wata nas mai tausayi, 'yar asalin Japan, da ta leƙo ta wuce. Abin da ya fi damuna shi ne ƙarshen labarin: Bromden ya fasa taga ya gudu, kamar gudun ne waraka. Mai wannan cuta da ya yanke shan magani yakan koma gidan jiya, kuma nas mai haƙuri ce ke lura da alamun tun da wuri.