Masu waƙa da masu labari: nazari bisa wasan Show Boat

Ranar 27 ga watan Disamba na shekara ta 1927 aka buɗe wani wasan kwaikwayo mai kiɗa da waƙa a gidan wasa na Ziegfeld, cikin birnin New York na ƙasar Amurka. Sunan wasan Show Boat, wato jirgin ƴan wasa. Jerome Kern ne ya tsara kiɗan, Oscar Hammerstein na Biyu ya rubuta zance da baitoci, labarin kuwa sun ɗauko shi daga littafin da Edna Ferber ta fitar a 1926. An nuna shi sau 572 kafin a rufe. Masana tarihin Broadway, unguwar gidajen wasa ta New York, suna ɗaukar wannan dare tamkar ranar da wasa mai waƙa ya fita daga ƙuruciya. Ni ma na yarda da wannan yabo. Sai dai akwai bashi da ke bisa wasan, wanda yabon ba ya biya: waɗanda aka ba manyan waƙoƙin daban, waɗanda aka ba labarin daban. A 2027 wasan yake cika shekara ɗari, don haka ya kamata a auna shi da ma'aunin gaskiya.

Kafin Show Boat, abin da mai kallo ya saba gani a Broadway shi ne jerin raye-raye da barkwanci da ƴan mata masu ado, irin waɗanda Florenz Ziegfeld kansa ya yi suna da su. Idan ma akwai labari, igiyar shanya ce kawai da ake rataya waƙoƙi a kai. Ana iya zare waƙa daga wannan wasa a liƙa ta cikin wancan, ba mai cewa an yi ɓarna. Kern da Hammerstein suka zo da labari mai nauyi wanda ya ratsa shekara arba'in, daga 1887 zuwa 1927, bisa wani jirgi mai suna Cotton Blossom da ke yawo a kogin Misisipi, yana tsayawa gari gari ana nuna wasa. Mai jirgin shi ne Kyaftin Andy. Ɗiyarsa Magnolia ta faɗa son wani ɗan caca mai daɗin baki, Gaylord Ravenal. Tauraruwar jirgin kuwa Julie ce, matar Steve. A ƙasan waɗannan duka akwai baƙaƙen fata masu aikin ƙarfi, cikinsu har da Joe da matarsa Queenie mai dafa abinci.

Gwanintar marubutan ta fara bayyana a ɗakin girki. Julie tana rera wa Magnolia wata waƙa ta macen da ta kasa daina son mijinta duk da halinsa, wadda ake kira Can't Help Lovin' Dat Man. Queenie ta ji, ta tsaya cikin mamaki, domin a saninta baƙaƙe kaɗai suka san wannan waƙa. Ba wanda ya yi bayani, amma asiri ya riga ya leƙo: uwar Julie baƙa ce, ita kuwa tana zaune cikin Turawa a matsayin Baturiya. Duk wanda ya tashi yana jin tatsuniya ya san wannan dabara, inda abin da aka binne tsuntsu ko icce ne ke tona shi da waƙa, bayan bakin mutane ya kasa. Cire waƙar Julie daga wasan, ka ga labarin ya rame.

Ba a jima ba wani ma'aikacin jirgin da Julie ta ƙi ya kai ƙara wurin hukuma. A jihar Misisipi ta wancan zamani doka ta hana aure tsakanin baƙi da fari, kuma ɗigon jinin baƙar fata ya isa a lissafa mutum cikin baƙaƙe. Kafin ɗan sanda ya iso, Steve ya zaro wuƙa, ya yanki hannun matarsa, ya tsotsi jinin. Da aka tambaye shi sai ya rantse cewa akwai jinin baƙar fata a jikinsa, waɗanda ke wurin suka shaida. Da haka ya kama dokar da igiyarta, ya nuna wautarta ba tare da wa'azi ba. Mai karatu ya tuna cewa sai a 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta soke irin waɗannan dokoki. Ashe shekara arba'in kafin alƙalai su yi magana, gidan nishaɗi ya riga ya yi. Amma ko da Julie da Steve suka tsira daga kurkuku, dole suka sauka daga jirgin, gurbinsu kuwa Magnolia da Ravenal suka gaje shi.

Sai waƙar da ta fi wasan kansa suna, Ol' Man River, wato Tsoho Kogi. Ya dace a lura da inda ta faɗo. Magnolia ta ga Ravenal karo na farko, ta tambayi Joe yadda ya ga mutumin, shi kuwa ya tura ta ga kogi ta tambaye shi. Yarinya ta ruga cikin murna, Joe ya zauna ya buɗe baki. Abin da ya fito bai shafi soyayya ba ko kaɗan: dakon auduga ne, da gumi, da gajiyar mutumin da rayuwa ta ishe shi, mutuwa kuma tana ba shi tsoro, ga kogi yana ta wucewa bai kula da kowa ba. Kern ya gina kan waƙar bisa sautuka biyar kawai, ya fara ta daga can ƙasan murya, ya riƙa hawa da ita a hankali har ta kai ƙololuwa. Ya kuma yi wata hikima da kunne ke ji ko da hankali bai lura ba. Karin da ake tallar jirgin da shi cikin fara'a, shi ne karin waƙar kogin an juya shi, an ƙara masa sauri. Murnar masu hawa bene da wahalar masu dako a ƙasa, da zare ɗaya aka saƙa su.

To, a nan ne bashin ya fara. Joe ya rera waƙar da ta fi kowace girma, amma me ya faru da Joe? Babu. Ba a ba shi buri ba, ba a ba shi zaɓi ba, ba abin da ya samu, ba abin da ya rasa. Yadda aka gan shi a 1887 haka aka same shi a 1927, sai furfura. Idan ba ya waƙa, abin da aka sani game da shi shi ne matarsa tana yi masa gorin lalaci, tsohon zargin da masu bayi suka daɗe suna jifan bawa da shi. An mai da shi kamar kogin da yake wa waƙa: yana gani, yana haƙuri, yana wucewa.

Julie ma haka. A kashi na biyu mun same ta a wani gidan rawa na Shikago, Steve ya bar ta, giya ta ci ta. Ravenal shi ma ya cinye dukiya a caca, ya gudu ya bar Magnolia da ɗiya. Magnolia ta zo neman aiki a wannan gida, ta yi gwaji da waƙar nan da Julie ta koya mata a ɗakin girki. Julie ta ji daga bayan labule, ta sulale ta bar aikin don ƙawarta ta samu, ba ta ko bari an gan ta ba. Wuri ne mai taɓa zuciya, kuma waƙar ta sake yin aikin da zance ba zai iya ba. Amma a duba lissafin da kyau. Sau biyu Julie tana tashi, sau biyu Magnolia tana zama a kujerarta. Waƙar baƙaƙe ta zama tsanin da Baturiya ta hau ta yi suna, mai waƙar kuwa wasan bai ƙara waiwayarta ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ƙarshe ma Hammerstein ya dawo da Ravenal jirgi aka shirya, abin da babu shi cikin littafin Ferber. An nemo wa ɗan caca gafara, ba a nemo wa Julie ko kabari ba.

Wani zai ce ai haka Amurka take, wasan gaskiya ya faɗa: kiɗan baƙaƙe ya arzuta wasu, masu shi suna kallo. Wannan magana tana da ƙarfi. Illa dai wasan da kansa ya shiga cikin cinikin da yake nunawa. A 1927 wadda ta fito a matsayin Queenie Baturiya ce, Tess Gardella, ta shafa baƙi a fuska. Helen Morgan, wadda ta yi Julie, ita ma Baturiya ce. Da kamfanin MGM ya yi fim ɗin wasan a 1951, Ava Gardner aka ba Julie, alhali ga Lena Horne, baƙar mawaƙiya da ta riga ta rera waƙar Julie cikin wani fim na 1946. Wata waƙa mai duhu da baƙaƙen jirgin ke yi suna hango masifa, an cire ta tun a gwajin farko a Washinton saboda wasan ya zarce awa huɗu. Karinta ne kawai Kern ya tsirar cikin kiɗan share fage.

Akwai kuma fitowar da ta shafe mu kusa. Kashi na biyu yana buɗewa ne a babban bajekolin duniya na Shikago na 1893, inda da gaske aka kafa ƙauyen Dahome, aka kai mutane daga ƙasar da ake kira Benin yanzu don ƴan kallo su sha mamaki. A daidai lokacin sojan Faransa na cin ƙasar. Sun shiga Abome a 1892, sarki Behanzin ya miƙa wuya a 1894. A cikin wasan, ƴan ƙauyen suna ihu da wani yare na ƙarya har Turawa suka tsorata suka watse, sannan suka bayyana cewa su ƴan New York ne, aikin kuɗi suke yi. Dariyar tana da kaifi biyu. Ta yanki wautar mai kallo Bature, ta kuma yanki Afirka, wadda ta tashi a abin tsoro kawai. Su kuwa mutanen Dahome na gaskiya da suka tsaya a Shikago, an shafe su daga hoton. Bayan 1946 aka daina saka wannan fitowa.

Wanda ya fi kowa gane bashin shi ne Paul Robeson. Da muryarsa a zuci aka rubuta waƙar kogi, ko da yake Jules Bledsoe ne ya fara rera ta a New York. Robeson ya yi Joe a Landan a 1928, a New York a 1932, da cikin fim ɗin James Whale na 1936. Daga ƙarshen shekarun 1930, idan yana waƙa shi kaɗai gaban taro, sai ya sauya baitocin. Inda Joe ke cewa ɗan maye ne ke kai mutum kurkuku, Robeson ya ce nuna jarunta ne. Inda Joe ya gaji ya sallama, Robeson ya ɗauki alkawarin gwagwarmaya har mutuwa. Ta fuskar adabi an yi asara, domin baitin tsoron mutuwa ya fi na gwagwarmaya zurfi da gaskiyar ɗan Adam. Amma Robeson ya ba Joe abin da Hammerstein ya hana shi, wato niyya. Bai kuwa tsaya ga baki ba: saboda ra'ayinsa na siyasa gwamnatin Amurka ta ƙwace masa fasfo a 1950, sai 1958 ya same shi.

Gardamar ba ta mutu ba. Kalmar farko da ƴan amshi ke furtawa a wasan na 1927 zagi ce ga baƙar fata, kuma an sha sauya ta daga wannan nuni zuwa wancan. Da Harold Prince ya sake ɗora wasan a Toronto a 1993, baƙaƙen birnin da dama suka yi zanga-zanga a ƙofar gidan wasan. Ina ganin suna da hujja, waɗanda suka shiga kallo su ma suna da tasu. Binne wasan zai binne fitowar wuƙa da jini tare da shi. Wanke shi tas kuma zai sa mai kallo ya zaci Misisipi ta 1887 wurin zaman lafiya ce.

Darasin da Show Boat ya bari ya yi yaɗo. Hammerstein ya kai shi ga Oklahoma! tare da Richard Rodgers a 1943, ya kuma koya wa Stephen Sondheim tun yana yaro. Ma'aunin mai sauƙi ne, kuma masu shirya finafinan Hausa, da ake yawan gardama kan waƙoƙinsu, za su amfana da shi: waƙa ta cancanci wurinta idan labari zai gurgunce in an zare ta. Amma tarihin Joe da Julie ya ƙara wani ma'auni na biyu, wanda Kern da Hammerstein ba su cika ba. Bayan an tambayi abin da waƙa ta yi wa labari, sai a tambayi abin da labari ya yi wa mai waƙar.