Wuta da Kiɗa: Sharhi a kan Wasan Maƙera da 'Yan Bindigar Zazzau a Ma'aunin Gasar Montreal

1.0 Gabatarwa

Duk sa'ad da sabuwar shekarar Miladiyya ta kama, gidajen rediyo da talabijin kan ba mu labarin an yi "wasan wuta" a manyan biranen duniya. Abin da suke nufi shi ne tartsatsin nan mai launi-launi da ake harbawa sama da dare ya fashe. Wannan fassara ta zauna daram, har ta kai in ka ce wa ɗalibin jami'a wasan wuta, ba abin da zai faɗo masa a rai sai na Turawa. Alhali kuwa sunan yana da mai shi tun da daɗewa, watau wasan da maƙera ke yi da wuta da jan ƙarfe ana kaɗa musu dundufa.

Manufar wannan maƙala ita ce a ɗora waɗannan wasanni biyu a kan sikeli guda. Za mu fara da tarihin gasar wuta da kiɗa ta birnin Montreal a ƙasar Kanada, wadda tana cikin mafi shahara a irinta, sa'an nan mu dawo gida mu dubi wasan maƙera da kuma harbin 'yan bindiga a hawan salla na Zazzau. Tambayar da za ta ja mu gaba guda ce: idan wuta da kiɗa suka haɗu a fage, wane ne ke bin wani, kuma me wannan ke gaya mana game da darajar wasan?

2.0 Tarihin Gasar a Taƙaice

Tushen wasan tartsatsi da na bindiga duka ɗaya ne, watau albarushi, wanda mutanen Sin suka gano wajen ƙarni na 9 ta hanyar haɗa gawayi da farar wuta da wani irin gishiri. Mu kuwa ta hannun Larabawa sunansa ya iso mana, kamar yadda kalmar bindiga ita ma ta iso. Launin da ake gani a sama daga ƙarafa yake fitowa: sitirontiyam ke ba da ja, bariyam ya ba da kore, jan ƙarfe ya ba da shuɗi, sinadarin da ke cikin gishirin miya kuma ya ba da rawaya.

Haɗa wannan wasa da kiɗa tsohon abu ne a Turai. A shekarar 1749 Sarkin Ingila George na Biyu ya sa mawaƙin nan Handel ya shirya kiɗa na musamman domin bikin sulhun da aka ƙulla a 1748, aka yi wasan a wani lambu a Landan, har wani sashe na rumfar da aka gina dominsa ya kama da wuta. Amma fa a wancan zamani kiɗa daban yake tafiya, wuta daban. Ba wanda ya iya sa fashewar tartsatsi ta faɗa daidai kan bugun kiɗa.

Wannan daidaitawa ita ce ginshiƙin gasar Montreal, wadda aka fara a 1985 a filin shaƙatawa na La Ronde, a tsibirin da aka yi babban baje kolin duniya na 1967. A kowace bazararsu kamfanonin wuta kan zo daga ƙasashe dabam-dabam, kowanne da darensa, ya yi wasa na kimanin minti 30 a kan kiɗan da ya zaɓa. Alƙalai su duba ingancin wutar, da zaɓen kiɗan, da yadda suka dace da juna, a ƙarshe a ba da kyautar da ake kira Jupiter, ta zinariya da ta azurfa da ta tagulla. Ana rufe gadar Jacques-Cartier ga motoci domin 'yan kallo su tsaya a kanta, kiɗan kuma ana watsa shi ta rediyo. Hikimar rediyon ita ce, haske yakan iso nan take, sauti kuwa tafiyar kimanin mita 340 yake yi a daƙiƙa guda. Ke nan wanda ke nesa da lasifika da kilomita ɗaya zai ji kiɗan bayan daƙiƙa uku, wutar da aka shirya masa ta riga ta mutu.

Abin lura kuma shi ne iyayen gidan gasar. Kamfanin taba na Benson & Hedges ne ya fara ɗaukar nauyinta, da doka ta tsananta wa tallar taba sai hukumar sayar da barasa ta lardin Kebek ta karɓa, daga bisani ta koma hannun hukumar caca ta Loto-Québec. Annobar korona ta hana a yi ta a 2020. Watau dai kamar maroƙinmu ne, wasan ba ya tsayuwa sai da ubangida, kuma sunan ubangida yake ɗauka.

3.0 Wasan Wuta na Maƙera

A ƙasar Hausa kusan kowace sana'ar gado tana da kiɗanta: kalangu na mahauta, gangar noma ta manoma, dundufa kuwa ta maƙera. David Ames, wanda ya yi bincikensa a Zariya, da Anthony King sun jera irin waɗannan kaɗe-kaɗe a ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa da aka buga a 1971. Akan yi wasan wuta ne wajen naɗin Sarkin Maƙera, ko bikin 'ya'yan maƙera, ko wani babban taro na sarauta. Za a hura wuta da zugazugi, a saka ƙarfe har ya yi ja wur. Makaɗi ya saki taken wani maƙeri, shi kuwa jikinsa ya ɗauki tsuma, ya zabura ya yi kirari, ya ɗauki ƙarfen da hannu ba da awartaki ba, ya goga a jikinsa ko ya lasa, wani ma ya watsa garwashi a kansa.

Akwai gasa a ciki, domin maƙeran garuruwa kan haɗu, kowa yana so ya nuna gidansu ya fi. An yi imani cewa wani kan iya ɗaure wutar wani ta ƙi kamawa, ko ya karya masa asiri ta ƙone shi. Alƙalan kuwa su ne 'yan kallo da dattawan sana'a, kyautar ita ce suna da kuɗin da za a yi wa makaɗi kari da su.

Muhimmin abu a nan shi ne matsayin kiɗan. Dundufa magana take yi, sunan mutum da na iyayensa take kira, ta tuna masa da abin da kakansa ya yi a gaban jama'a. In ba a kaɗa take ba, maƙeri ba ya shiga wuta. Shi kuma makaɗi idonsa yana kan mai wasa: in ya ga ya yi sanyi ya ƙara masa zuga, in ya ga ya ɗauki ƙarfe ya sauya bugu. Kowanne yana jan ɗan'uwansa, ba wanda ya san inda wasan zai tsaya sai an gama.

4.0 'Yan Bindiga a Hawan Salla

Fage na biyu da albarushi ke haɗuwa da kiɗa shi ne hawan sarki. A Zazzau akwai Hawan Salla, da Hawan Bariki, da Hawan Daushe. M. G. Smith, a littafinsa kan mulkin Zazzau na 1960, ya nuna yadda rundunar 'yan bindiga ta yi ƙarfi a ƙarshen ƙarni na 19, musamman a zamanin Sarki Yero. Da Turawa suka kama Zariya a 1902 yaƙi ya ƙare, bindigar ta rasa abokin gaba, sai ta koma kayan ado na sarauta. Haka ma ta faru ga tambari da kakaki, da lifidi da sulke.

Mu mazauna Tudun Wada Hawan Bariki ne rabonmu, domin nan ne Sarki kan fito daga birni ya nufi unguwar da Razdan ke zaune a da. Shi kansa wannan hawa, kamar ita kanta Tudun Wada, zamanin Turawa ne ya haife shi, abin da ke nuna mana cewa al'ada ba ta ƙin sabon abu muddin ya shigo da ladabi. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi a wannan rana ya san yadda abin ke zuwa. Da fari za ka hango farin hayaƙi ya tashi daga wajen Ƙofar Doka, sa'an nan ƙarar ta iso, sai mata su saki guɗa, yara su ruga. Kafin ka ga laima, bindiga ta riga ta gaya maka Sarki ya taso.

Ba zan yi da'awar cewa 'yan bindiga suna harbi a kan bugun tambari ba, domin bindigar ɗuri ba ta da wannan biyayya. Sai an ɗura albarushi an danna, wani lokaci ma ta ƙi tashi. Aikinsu irin na aya ne a cikin rubutu. Kakaki da algaita da tambura suna ta zuba jimla, harbi kuma ya zo ya raba ta: nan Sarki ya fito, nan ya iso, nan ya sauka. Wanda ya san hawa yana iya zama cikin ɗakinsa ya karanta tafiyar Sarki da kunne.

5.0 Sharhi

In muka aza waɗannan a ma'aunin Montreal, wajibi ne mu faɗi gaskiya ko da a kanmu ne. Wajen launi da tsari da kiyaye lafiyar jama'a sun yi mana nisa. Bindigar ɗuri kan fashe a hannun mai ita, wuta kuma kan ci wanda ya yi mata ganganci. Sa'an nan suna da abin da ba mu da shi, watau ajiyar tarihi: ana iya gaya maka wanda ya ci gasar a kowace shekara tun 1985, da kiɗan da ya yi wasa a kansa.

Amma daidaiton nan da suke alfahari da shi, da tsada aka saye shi. Domin wuta ta faɗa kan bugu, dole a naɗe kiɗan tun kafin ranar, a lissafa daƙiƙun da kowane harsashi zai yi yana hawa sama kafin ya fashe, a loda wa kwamfuta, ita ce za ta yi harbin. Ke nan an gama wasan tun ba a fara shi ba. Ko mutum dubu ɗari ne suka zo kallo, ko ba kowa, abu ɗaya zai faru a sama. Kiɗan bai san sunan kowa ba, wutar kuma ba ta taɓa jikin kowa. A fagen maƙera kuwa shewar 'yan kallo tana iya ƙara wa wasa tsawo, shirunsu kuma ya kashe shi. Bisa ga haka, a nawa ganin, na Montreal ya fi kusa da zane da aka rataye a sama, namu kuwa wasan kwaikwayo ne sosai, mai ɗan wasa da take da kirari da 'yan kallo masu hannu a ciki.

A nan ne nake ganin mu manazarta muka yi sake. Mun yanka wasan gunduwa-gunduwa mun raba wa sassan jami'a. Masu nazarin kiɗa suka ɗauki dundufa suka auna tsawonta. Masu nazarin sana'o'i suka ɗauki maƙera. Littafin Philip Jaggar na 1994 kan maƙeran birnin Kano kyakkyawan misali ne na wannan fanni. Masana tarihin yaƙi, irin su Joseph Smaldone a littafinsa na 1977, suka ɗauki bindiga. Masu nazarin magani da camfi suka ɗauki asirin. Kowa ya yi aikinsa da kyau, amma ɗan lokacin nan da take ke tashi mutum ya miƙa hannu cikin wuta, wanda shi ne zuciyar abin, ya faɗa tsakanin sassa. A darussanmu na wasan kwaikwayon gargajiya mukan ba tashe da wasan gauta da kalankuwa makonni, wasan wuta kuwa a ambace shi cikin layi biyu.

Akwai masu cewa wasan maƙera ya cuɗanya da tsafi, don haka gara a bar shi ya mutu. Wannan magana tana da nauyi, kuma malamai ne ke da hukunci a kanta. Abin da zan ce kurum shi ne, rubuta abu ba yarda da shi ba ne. Take da kirarin maƙera taska ce ta harshe, cike da sunayen gidaje da kalmomin sana'a irin su tama da masaba da uwar maƙera, waɗanda in suka bi masu su kabari ba mai tono mana su.

Haɗarin da ya fi damuna kuwa shi ne kwaikwayo maras tunani. A wani hawa da na kalla a bakin titin unguwarmu, wasu masu talla sun kafa manyan lasifikoki suna sakin waƙar da aka naɗa, har makaɗan tambari suka zo suka wuce muna ganin hannuwansu na motsi ba ma jin komai. Harbin bindiga ya tashi, amma ba jimlar da zai raba, ya zama ƙara kawai. Mun ɗauko naɗaɗɗen kiɗa, wanda shi ne raunin wasan Turawa, ba mu ɗauko lissafin da ya sa ya yi musu kyau ba. Kwaikwayon tafiyar wani ke nan, da kan sa mutum ya manta tasa.

6.0 Kammalawa

Tun daga babban hawan da aka yi a Kaduna lokacin bikin FESTAC na 1977, har zuwa 2024 da hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, idon baƙi sai ƙara dawowa kanmu yake yi. Baƙo kuwa abin da ya cika ido yake nema, kuma in ba a yi hattara ba shi za a riƙa shirya wa wasa. Shawarata uku ce. Ta farko, a kira na Turawa wasan tartsatsi, a bar wa maƙera sunansu. Ta biyu, sassan Hausa su tura ɗaliban babban digiri su ɗauki wasan maƙera da na 'yan bindiga a hoto mai motsi, da take da kirari da sunan gida da kwanan wata, tun masu abin suna raye. Ta uku, masu shirya hawa su hana lasifika tashi muddin tambari na kan hanya. Ajiyar tarihi ita ce abin da ya kamata mu aro daga Montreal. Makaɗi mai rai da ke duban idon ɗan wasa kuwa, wannan muna da shi a gida, saura mu san yadda za mu riƙe shi.